Inuwa a Kan Kusheyi: Tsofaffin Maƙabartu da Bunƙasar Birnin Damagaram

A manyan biranen Turai da Amurka akwai wani irin fili da kan ɗaure wa baƙon da ya fito daga ƙasar Hausa kai idan aka gaya masa asalinsa, wato lambun shaƙatawa da aka shimfiɗa a kan tsohuwar maƙabarta. Abin da ake nufi da lambun shaƙatawa shi ne filin jama'a wanda hukumar gari ke dasa wa itatuwa da ciyawa, ta fitar masa da hanyoyi, ta jera masa bencina, domin mai neman iska ya zauna, yara su yi guje-guje, ma'aikaci ya ci abincin ranarsa kafin ya koma bakin aiki. Akasarin masu zama a irin wannan wuri ba su san cewa akwai ƙasusuwan dubban mutane a ƙarƙashin ciyawar ba, waɗanda suka sani kuma sanin bai hana su miƙe ƙafa ba. Bahaushen da ya tashi da tarbiyyar yi wa mutanen kabari sallama da kauce wa taka kushewa zai ga abin a matsayin rashin ta-ido, sai dai matsalar da ta haifi waɗannan lambuna tana jiran kowane gari mai bunƙasa, domin komai daɗewa sai gidaje sun cim ma maƙabarta, sun kewaye ta, sannan a rasa yadda za a yi da ita. Birnin Damagaram, wanda taswira ke kira Zinder, yana cikin garuruwan da lissafin jama'arsu kaɗai ya isa ya nuna haka: ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen 54,000 a cikinsa, ta 1988 wajen 120,000, ta 2001 wajen 170,000, ta 2012 kuma sama da 235,000, wato ya ninka fiye da sau huɗu cikin shekara 35.

Yadda Turawa suka kai ga wannan al'ada labari ne na cunkoso da wari kafin ya zama labarin furanni. A tsakiyar birnin Paris akwai wata maƙabarta da ake kira ta Innocents, wadda aka yi ɗaruruwan shekaru ana zuba gawarwaki a manyan ramukanta, har ƙasar wurin ta tashi ta fi titunan da ke kewaye da ita tudu. A 1780 bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida da ke maƙwabtaka da ita ya rufta saboda nauyin abin da ke bayansa, hukuma ta rufe maƙabartar, sannan a shekarun da suka biyo baya aka riƙa kwashe ƙasusuwan da dare zuwa tsofaffin ramukan haƙar dutse da ke ƙarƙashin birnin. Filin ya zama kasuwa, daga baya ya zama dandali. Daga irin wannan darasi ne dokar Napoleon ta 1804 ta fito, wadda ta wajabta fitar da maƙabartu bayan gari, kuma ta tanadi cewa wadda aka rufe a bar ta yadda take har shekara 5, bayan haka ana iya shuka ko dashe a kanta, amma ban da haƙa ko aza harsashin gini. A Landan dokokin da aka fara yi daga 1852 sun rufe maƙabartun cikin gari, wata ƙungiyar masu son lambunan jama'a da aka kafa a 1882 ta shiga mayar da su wuraren hutawa, dokar 1884 kuma ta hana gini a kansu, shi ya sa har gobe mai ziyarar wasu ƙananan lambunan birnin kan tarar da allunan dutsen kaburbura a jere jikin katanga, an ɗauke su daga kan masu su an jingine. A New York filin Washington Square maƙabartar talakawa da waɗanda ba su da mai binne su ce daga 1797 zuwa 1825, da yawansu annobar shawara ce ta kashe su, kuma ana ƙiyasta cewa mutum wajen 20,000 na kwance a ƙarƙashinsa har yanzu, domin ba a taɓa kwashe su ba.

Abin lura a dokar Faransa da ta Ingila shi ne dukansu sun bambanta dashe da gini, suka ɗauki itace a matsayin abin da ba ya tozarta mamaci, harsashi kuwa yana tozarta shi. Inda aka yi watsi da wannan bambanci, ko aka yi dashen ba da yardar masu matattun ba, rigima ce ke biyo baya. A Legas gwamnatin soja ta Mobolaji Johnson ta tashi maƙabartar Ajele a 1971 domin gina ofisoshin gwamnati, aka tone har da kabarin Bishop Samuel Ajayi Crowther wanda ya rasu a 1891, kuma ba a daina yi wa wannan aiki tsiya ba har yau. A Birnin Ƙudus wani lambun jama'a yana zaune a kan babban ɓangare na tsohuwar maƙabartar Musulmi ta Mamilla, kuma kyan itatuwansa bai sa zuriyar waɗanda ke ƙarƙashinsa sun yafe ba.

Tsarin tsohon Damagaram ya raba masu rai da matattu tun kafin wata doka ta Turai ta iso. Gidan sarautar, wanda asalinsa na Barebari ne kuma ya daɗe yana kai gaisuwa Kukawa ta Barno, ya mayar da mazauninsa Zinder a farkon ƙarni na 19 zamanin Sarki Sulaiman, sannan Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya ƙarfafa garin da ganuwa mai tsawo da kauri, ya tara bindigogi da igwa. Cikin ganuwar shi ne Birni, inda fada da babban masallaci da gidajen masu sarauta suke; can gefe, da tazara tsakaninsu, akwai Zango, masaukin ayarin Abzinawa da fataken da ke haɗa Kano da Agadas da Tarabulus. A irin wannan tsari na biranen Hausa da Barno talaka bayan ganuwa ake kai shi, a fili marar amfanin noma kusa da wata ƙofa, yayin da sarakuna da manyan malamai kan sami makwanci a cikin gida ko a keɓaɓɓen wuri, kamar Hubbaren Shehu a Sakkwato, ko kabarin Sarkin Musulmi Bello a Wurno, ko gidan Nasarawa inda ake binne sarakunan Kano. Akwai kuma waɗanda ba su sami ko ramin ba: Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna a Zinder a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya ba da labarin wurin da ake kashe waɗanda sarki ya yanke wa hukunci, a bar gawarsu ga kuraye. Richardson kansa bai kai Kukawa da ya nufa ba, ajali ya tare shi a hanya a watan Maris na shekarar. Da Faransawa suka kafa barikinsu da unguwar ma'aikatansu, musamman tsakanin 1911 da 1926 lokacin da Zinder ke hedkwatar Nijar, sai gini ya fara cike sararin da ke tsakanin Birni da Zango, wato daidai irin wurin da ake kira bayan gari a zamanin Tanimu.

Kabarin Bahaushe Musulmi ba a yi shi domin ya daɗe a idon mutane ba, kuma fahimtar wannan ita ce mabuɗin sauran zancen. Masu haƙa kan fara da babban rami mai faɗi, sannan su yanka wani siriri a cikinsa daidai jikin mamaci, inda za a kwantar da shi a gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, ba akwati, sai likkafani. A kan siririn ramin ake jera itace, ko fasassun tukwane, ko tubali, a toshe kafofin da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa don kada turɓaya ta zuba masa, sannan a mayar da ƙasar da aka fitar, a yi ɗan tudu, a yayyafa ruwa. A da, lokacin da kura ke yawo bayan gari, akan ɗora ƙaya. Alamar da ake sawa ba ta wuce dutse ko kasko ko reshe a wajen kai, a zamanin nan kuma wani lokaci ɗan allon ƙarfe mai suna da kwanan wata, wanda tsatsa ko masu tsintar ƙarafa kan ɗauke. Wannan sauƙi yana da tushe a fiƙihu, domin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane almajirin ilimi a ƙasar Hausa ke bi ta kanta, ta karhanta gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa. Sakamakon haka shi ne gara ta cinye itacen, ramin ya rufta, damina ta baje tudun, cikin 'yan shekaru wurin ya koma fili mai ɗan kwari da tudu wanda baƙo ba zai bambanta shi da kufai ba, wato wurin da gari ya taɓa zama ya tashi. Irin ƙarfin ruwan sama a kan ginin ƙasa kuwa mutanen Damagaram sun gan shi da idonsu a farkon Satumban 2024, lokacin da tsohon masallacin Birni, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe bayan mamakon ruwa. Abin da ya kayar da masallaci mai kaurin bango ba zai sha wuyar tudun kabari ba.

Shuɗewar alama ba ta nufin shuɗewar haƙƙi, kuma a nan ne mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta Damagaram da sauran ƙasar Hausa, ta yi magana dalla-dalla. Muhtasar na Shehu Halilu, littafin da alƙalai suka dogara da shi tun kafin zuwan Turawa, ya ɗauki kabari a matsayin hubusi ga wanda ke cikinsa. Hubusi, ko waƙafi, dukiya ce da aka tsare domin wata manufa, ba a sayar da ita, ba a gadonta, ba a kyautar da ita. Saboda haka muddin akwai sauran ƙashin mamaci a ciki ba a tone kabari sai da wani uzuri da shari'a ta yarda da shi, kuma ba a mayar da shi turba. Idan an tabbata ya zama ƙasa, masu sharhi irin su Shehu Dardiri na Masar sun halatta a sake haƙa wurin domin a binne wani, amma ba su halatta a gina gida a kai ko a nome shi ba. Wani abin sha'awa shi ne Dardiri ya rasu a 1786, shekarar da aka keɓe ramukan ƙarƙashin Paris domin karɓar ƙasusuwan Innocents. Ana can ana kwashe matattu domin a ba kasuwa wuri, ana nan ana karantar da cewa filin nasu ne har abada. Wasu malaman Hanafiyya sun fi sassautawa, suka ce idan gawa ta narke ƙurmus ana iya shuka ko gini, kuma masu neman hujjar tashin maƙabarta kan ambaci cewa filin da aka gina masallacin Annabi a Madina yana da kaburburan mushirikai da aka tone. Amma wannan na ƙarshe hukunci ne da malamai suka keɓe, ba su shimfiɗa shi a kan kaburburan Musulmi ba. Game da zama a kan kabari, wanda hadisi ya yi hani da shi, Imamu Malik ya fassara hanin da zaman biyan buƙata, fassarar da ke da nauyi na musamman ga duk wanda ya san abin da maƙabarta marar katanga ke komawa da dare a unguwar da masai bai wadata ba.

Idan aka auna lambun shaƙatawa irin na Turai da wannan ma'auni za a ga bai tsallake ba. Filin ƙwallo, da lilon yara, da rumfar mai sayar da shayi, da hanyar da aka daɓe a kan kusheyi, duk sun fitar da hubusin daga manufarsa. Ziyarar maƙabarta a wurin Musulmi ibada ce mai ladubba: mai shiga ya yi sallama, ya yi wa mamata addu'a, ya bi ta tsakanin kaburbura, ya sassauta murya, ya fita yana tuna makomarsa. 'Yan ɗariƙa da 'yan Izala sun daɗe suna saɓani a kan neman tubarraki a kabarin waliyyi da gina hubbare, amma babu ɗaya daga cikinsu da zai yarda a shimfiɗa tabarmar hira a kan kabarin kakansa. Itace kuwa hukuncinsa dabam ne, domin inuwar da ba a nome ƙasa domin ta ba, kuma ba wanda ya mallake ta, ba ta ƙwace wa mamaci komai, ta ma amfani masu rakiyar gawa da ke tsayuwa cikin zafin Afrilu da Mayu.

Akwai maƙabarta guda a Zinder da littattafan jagorar baƙi ke lissafawa cikin abubuwan gani, tare da fadar sarki da lungunan Birni da zanen bangon gidajen Zango, ita ce maƙabartar Faransawa. Dalilin da ya sa ake iya ziyartarta a matsayin wurin tarihi shi ne an yi kaburburanta domin su daɗe, da gini da rubutun suna da shekara, bisa al'adar masu ita. Tarihin da ya kawo su sananne ne. A ranar 5 ga Mayun 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou da tafintansa Olive a Zinder zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, wanda ya yi zargin cewa tafiyarsu wurin Rabe, mai riƙe da Barno a lokacin, ƙulla makirci ce a kansa. Shekara guda bayan haka rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa daga yamma tana ƙone garuruwa, ta yi ɓarnar da har yau ake ba da labarinta a Birnin Ƙwanni da Lugu, garin Sarauniya Mangu, kafin sojojinsu su juya musu su kashe su a watan Yulin 1899 a yankin Tasawa. Ragowar rundunar ce ta ci Damagaram a yaƙin Tirmini a ƙarshen wannan wata, aka kashe Kuran Daga bayan 'yan makonni, aka kuma sa wa barikin da aka gina sunan Cazemajou, wanda daga baya aka canja zuwa na Tanimu. A Maijirgi, a kan hanyar Tasawa, har yanzu ana nuna kabarin Voulet, kuma an ruwaito cewa a 1923 wani jami'in mulkin mallaka mai suna Robert Delavignette ya sa an buɗe kaburburan mutanen biyu ya tarar babu kowa a ciki.

Ko wannan ruwaya ta inganta ko ba ta inganta ba, rashin daidaiton da ke cikin lamarin a fili yake: wanda ya yi kisan yana da kabarin da ake nunawa da yatsa bayan shekara sama da 120, dubban da ya kashe kuwa, da mayaƙan da suka faɗi a Tirmini, ba su da sunan da aka rubuta a kan dutse. Wannan bai samo asali daga raini ga matattu ba, domin Bahaushe ya ajiye nasa tunawar a addu'a da sadaka da sunan da ake mayar wa jika, da kuma bakin maroƙa da ke jero sarakuna a ƙofar fada. Sai dai addu'a ba ta bayyana a taswirar mai awon fili. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da ficewar sojojin Faransa a ƙarshen shekarar, da sauya sunayen titunan Yamai a 2024, sha'awar kankare alamun mulkin mallaka ta ƙaru a Nijar, kuma ana iya fahimtar dalilinta. Duk da haka maƙabarta dabam take da sunan titi ko mutum-mutumi, tunda shi sunan titi girmamawa ce, ita kuwa shaida ce cewa abin ya faru, da ranarsa da sunan wanda ya zo. Ɗalibin Jami'ar André Salifou, wadda ke ɗauke da sunan masanin da ya wallafa tarihin Damagaram na ƙarni na 19 a 1971, zai fi amfana da kabarin da ke tsaye yana karanta shi da fushinsa fiye da filin da aka share.

A zahiri ba lambu ne ke cin tsofaffin maƙabartu a biranen ƙasar Hausa ba, abubuwan da ke cin su sun fi haka ƙasƙanci, kuma a hankali suke aikinsu. Maƙwabci ya matso da katangarsa taku biyu, na kusa da shi ya ga ba a ce komai ba ya matso da tasa taku uku. Masu neman gajeriyar hanya su fitar da turba ta tsakiya, babura su faɗaɗa ta. A fara zuba shara a kusurwa, leda ta rufe ƙasa, awaki su shigo. Masu haƙar ƙasar gini su ci gefe har ya zama kududdufi, ruwan damina ya biyo ta nan ya yanka kwazazzabo, wata rana a wayi gari ƙashi a waje. Daga ƙarshe, idan tsofaffin da suka san iyakar wurin sun ƙare, sai mai awo ya zo da igiyarsa, a yanka filaye, a ba da takarda, mai gini ya tarar da abin da ya tarar a ramin harsashi ko na masai, ya kira malami a asirce a mayar a rufe, aiki ya ci gaba. Kano, wadda ta riga Zinder shiga wannan hali da nisa, ta ga yadda maƙabartu irin na Ɗandolo da Ƙofar Mazugal suka koma tsakiyar gari, gidaje sun yi musu zobe, kuma inda aka tsira da wani abu katanga ce ta tsirar da shi. A Katsina maƙabartar Ɗanmarina, inda aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010, ta sami kariya daga sunan waliyyin da ke cikinta. Maƙabartar da ba ta da waliyyi kuma ba ta da katanga ita ce marainiya.

Ko da shari'a ta ba da dama, lambun ciyawa irin na Landan ba zai rayu a Zinder ba, saboda dalilin da kowace mai ɗaukar jarka a garin ta sani. Birnin yana zaune ne a kan dutse, irin manyan duwatsun nan da suka yi wa Birni ado, kuma irin wannan ƙasa ba ta riƙe ruwa mai yawa a cikinta. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar na mayar da hedkwata Yamai a 1926, kuma ruwan famfon garin daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo da Machaya da Arunguza. Ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba, kuma cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba. Garin da unguwanninsa ke kwana a layin famfo da bazara ba shi da hujjar shayar da ciyawar ado. Abin da ƙasar ke iya ɗauka shi ne itatuwan da suka saba da ita: aduwa, da kurna, da tsamiya, da kuka, da magarya wadda da ganyenta ake wankan gawa, da dogon yaro da aka shigo da shi daga Indiya zamanin Turawa, da aguwa wadda tun da can ake shinge da ita saboda dabba ba ta cin ta. Wanda ya lura zai ga cewa a garuruwan Sahel da yawa tsofaffin itatuwan da suka tsira daga gatari a maƙabarta suke, domin mai saran itacen girki da ba ya jin tsoron ma'aikacin gandun daji yana jin nauyin kabari.

Damagaram kuwa tana da tsohon tarihi na kare itace da ikon sarauta. Sarakunanta na ƙarni na 19 sun shahara da tsananin hukunci a kan mai sare gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya yi ganye da rani ya ba dabba abinci, ya kuma taki gona. A zamanin nan ma manoman Mirya da Magarya da Matamaye suna cikin waɗanda suka farfaɗo da miliyoyin itatuwa a gonakinsu tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin tohon da ya fito da kansa su yi masa sassabe mai kyau maimakon su tumɓuke shi, aikin da masana suka ƙiyasta ya shafi hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar. Wannan dabara ta fi dacewa da tsohuwar maƙabarta fiye da kowace gona, tunda ba ta buƙatar haƙa rami, wanda shi ne abin da ake gudu, kuma ba ta buƙatar ban ruwa. Inda za a yi sabon dashe, gefen katanga da bakin hanyoyin da masu makara ke bi sun isa, nesa da kusheyi, domin saiwar dogon yaro tana tafiya da nisa, kuma a maƙabartar da ake binnewa har yanzu masu haƙa ba sa son ta.

Su waɗannan masu haƙa, waɗanda galibi dattawa ne da ke rayuwa a kan abin da dangin mamaci suka miƙa musu, su ne ke riƙe da taswirar da babu ita a ofishin magajin gari. Sun san ɓangaren da ya cika, da wanda ya daɗe har ana iya komawa kansa, da inda aka zuba mutanen wata annoba ko wata yunwa, da inda iyakar ta tsaya kafin katangar maƙwabci ta matso. Idan diga ta ci karo da ƙashi sun san yadda ake tattara shi gefe guda a rufe cikin mutunci. Zinder tana da gundumomi 5, kuma aikin zagaya tsofaffin maƙabartun kowace gunduma tare da waɗannan dattawa da masu unguwanni da wakilan fada, a kafa duwatsun iyaka, a rubuta filin a matsayin hubusi a takardar hukuma, bai kai kuɗin kwalta kilomita guda ba. Tsohon Birni da fadar sarki suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006 domin neman shiga gadon duniya, kuma makwancin mutanen da suka gina su ɓangare ne na wannan gado ko da babu zane a jikinsa. Tun 1975 Nijar ke dashen itatuwa a ranar 3 ga Agusta, lokacin da damina ta kankama, kuma sanannen abu ne cewa da yawan abin da ake dasawa a bakin titi ba ya ganin damina ta biyu, saboda akuya da rashin mai kula. Maƙabartar da aka kewaye, aka sa mata ƙofa da mai gadi, tana cikin wurare ƙalilan a cikin gari da akuya ba ta shiga, kuma mai gadin da ke ajiye tulun ruwan kwaɓa ƙasar kabari yana iya zuba wa dashen bakin ƙofa abin da ya rage.